Zama da Cutar Seliyak: Yadda Za Ka Ƙi Abinci Ba Tare da Ka Ɓata Zumunci Ba

Ranar da likita ya tabbatar maka cewa kana da cutar seliyak, ko kuwa ɗanka ne ke da ita, zai gaya maka abu biyu. Na farko, cutar ba ta da ƙwaya, ba ta da allura. Na biyu, maganinta ɗaya ne: a bar cin alkama da duk abin da aka yi da ita, ba na wata ɗaya ko shekara ɗaya ba, har iyakar rayuwa. Wanda ya ji haka yakan ce, "Ashe abin mai sauƙi ne." A ɗakin likita mai sauƙi ne. Wuyarsa tana jiran ka a gida, a bakin kwano, ranar da surukarka ta aiko maka da funkaso, ko ranar da aka miƙo maka burodi a wurin suna, jama'a suna kallo. A kan wannan wuyar za mu yi magana, amma sai mun fara sanin cutar kanta, domin wanda bai fahimci ciwonsa ba ba zai iya bayyana shi ga wani ba.

Mece ce cutar seliyak?

A cikin alkama akwai wani sinadari da ake kira gulutan. Shi ne danƙon da ke sa kwaɓin garin alkama ya miƙe ba ya tsinkewa, shi ne kuma ke sa burodi ya tashi. Akwai shi a cikin sha'ir, da wani hatsin ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira seigle. Ga yawancin mutane, abinci ne kamar kowane. Ga mai seliyak kuwa, da zarar gulutan ya shiga ƙaramin hanji, sai garkuwar jikinsa ta tashi faɗa, ta far wa bangon hanjin da kanta. A bangon nan akwai ƴan tsiro ƙanana masu yawa, kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi cikin jini. Faɗan yana cinye su har wurin ya zama sumul. Daga nan mutum yana ci amma jiki ba ya samu. Abin da ke biyo baya shi ne zawo mai daɗewa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, gajiya, raunin ƙashi, wani lokaci da ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwa da gwiwar hannu. Yaro ya daina girma. Wasu kuma ba su jin komai a ciki, ƙarancin jini ne kawai da ya ƙi jin magani.

Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da laifin alkama. A yunwar da aka yi a ƙasarsu a lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, burodi ya ɓace, sai aka ga yara masu wannan ciwo suna samun sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. Ya rubuta bincikensa a 1950. An daɗe ana ɗaukar cutar ta Turawa ce, har zuwa 1999, lokacin da likitocin Italiya suka auna jinin yara kusan 1000 na ƴan gudun hijirar Yammacin Sahara, waɗanda sansanoninsu ke kusa da Tinduf a ƙasar Aljeriya, suka sami alamar cutar a jikin fiye da yara 5 cikin 100. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta mutum 1 cikin 100.

Me ya kawo maganar a ƙasar hatsi da dawa? Canjin cima. Kakanninmu sun san alkama, ana noma ta a fadamu da lambuna, amma abincin biki ce: alkaki, funkaso, taliyar hannu. Yau a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, yaro yana karya kumallo da burodi da shayi, ya ci makaroni da rana, ya sayi fanke a ƙofar lakwal. Wanda jikinsa bai jituwa da alkama, da can sau biyu ko uku yake haɗuwa da ita a shekara. Yanzu sau uku a rana.

A lura da wannan da kyau: ba kowane zawo ko rama ne seliyak ba. Tsutsar ciki, ruwa marar tsabta da tamowa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ana gane seliyak ne da awon jini na musamman, galibi kuma a bi da leƙa hanji da na'ura a ɗebo ɗan ƙanƙanin nama a duba. Kada ka daina cin alkama kafin a yi maka awon, domin idan ka daina, awon zai iya nuna lafiya lau alhali cutar tana nan.

Abin da ke faruwa a zuci

Da farko akwai farin ciki, musamman ga wanda ya yi shekaru yana yawo tsakanin asibiti da masu magani, ana ce masa shawara ce, ana ce masa basir ne, ana ce masa jifa ne. Ga shi ciwon ya sami suna. Cikin ƴan makonni da barin alkama ciki ya kwanta, ƙarfi ya fara dawowa.

Bayan haka sai wani abu ya biyo, wanda mutane ke jin kunyar faɗa: baƙin ciki. Babban mutum ya wuce wurin mai shayi, ya ji ƙamshin burodi, ƙwalla ta cika masa ido, ya ce wa kansa, "A kan burodi?" Ba a kan burodi ba ne. A kan bencin nan ne da ya saba zama kowace safiya da abokansa shekara goma. Kada ka zargi kanka da rashin tawakkali. Wanda aka raba da abin da ya saba dole ya yi kewa, kuma kewar tana raguwa. Haushi ma yana zuwa, da tsoron cin duk abin da ba kai ka ga an dafa ba. Tsoron yana da amfaninsa, amma idan ya kai ga ka daina zuwa biki, ka daina ziyara, ka koma cin abinci kai kaɗai a ɗaki, to ya fara yi maka ɓarnar da ta kusa kai ta cutar. In baƙin cikin ya wuce makonni yana hana ka barci ko aiki, gaya wa likitanka. Ƙarancin jini da gajiyar da cutar ke kawowa suna ƙara nauyin zuciya, kuma ana iya yin wani abu a kai.

Bakin kwano

A wurinmu abinci magana ne. Wanda ya ce maka "Bismilla" ba cikinka kaɗai yake nufi ba, yana cewa ne ya yarda da kai, yana kuma tambaya ko ka yarda da shi. Shi ya sa ƙin abinci yake da fassara uku, duka munana: girman kai, ƙyama, ko zargin an sa maka wani abu. Mai seliyak zai ƙi abinci sau ɗaruruwa a rayuwarsa. Idan bai shirya maganarsa ba, mutane za su shirya masa tasu.

Shawarata ita ce kada ka ɓoye, kada kuma ka tsawaita. "Na ƙoshi" ƙarya ce da ba ta wuce kwana uku. Gobe za a gan ka kana cin tuwo a wani gida, labari ya koma. Faɗi gaskiya a gajarce, ka jingina ta ga likita: "Baba, likita ya hana ni duk abin da aka yi da alkama, hanjina ba ya ɗauka. In akwai fura, ita nake so." Ka lura da ƙarshen maganar. Ba ka tsaya a kan ƙi ba, ka roƙi wani abu. Mai gida yana son ya ba ka ne. In ka rufe ƙofa ɗaya, buɗe masa wata. Ruwa, dabino, gyaɗa, fura, dafaffen ƙwai, duk abin da ka karɓa ka ci a gabansa ya wanke zargi. Jama'a sun riga sun saba da mai ciwon sukari da ke shan shayi babu sukari, da mai hawan jini da aka rage wa gishiri. Ka sa kanka a layinsu, za a fi saurin gane ka.

Za ka haɗu da masu cewa, "Ɗan kaɗan ba ya komai, loma ɗaya dai, don albarka." Ba mugunta ke sa su ba, ƙauna ce da rashin sani. Amma a nan seliyak ta bambanta da sauran cututtuka. Ƙa'idar duniya ba ta yarda a rubuta wa abinci cewa babu gulutan a ciki ba sai bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba, wato abin da ido ba zai gani ba. Loma ɗaya ta wuce haka ninki-ba-ninki. Ko ba ka ji ciwo a ranar ba, hanjin ya ji. Akwai kuma wata ɓarnar: in ka ci yau don kunyar wani dattijo, gobe ka ƙi na wata gwaggo, ka tabbatar mata da cewa ita ce ba ka so. Wanda ke ƙin na kowa daidai wa daida ba ya ɓata wa kowa.

Cin abinci a kwano ɗaya ba dole ne ya ƙare ba. In tuwon hatsi ne ko shinkafa, kuma ka san abin da ke cikin miya, zauna ka ci da jama'a. Matsala tana zuwa ne idan an haɗa shinkafa da makaroni, ko wani yana tsoma burodi a romon da kowa ke ci. A irin wannan rana sai a ɗebar maka naka tun daga tukunya, a kawo maka kwanonka nan cikin da'irar, ka zauna a inda ka saba zama. Kwano ne ya rabu, ba zama ba.

Cikin gida: amarya, uwar miji, abokiyar zama

A nan ne abin ya fi tsanani, kuma mata ne suka fi ɗaukar nauyin. Namiji a gidan surukai kunya ma tana taimakon sa, don ba a sa ran ya ci da yawa. Amarya kuwa da aka kai gidan miji, ta ce ba ta cin abin da uwar miji ta dafa, kowa ya san yadda za a karanta. Haka matar da ta ƙi abincin abokiyar zamanta ranar girkinta, ko ta hana ɗanta ci. Kafin la'asar maganar sammu ta shiga, kuma maganar sammu in ta shiga gida ba ta fita da sauƙi.

Malam mai gida, wannan aikinka ne, ba nata ba. Kai za ka tara iyali ka yi bayani da bakinka, tun kafin a ƙi kwanon farko. In da hali, tafi da mahaifiyarka ko uwargida wurin likita su ji da kunnensu. Abin da likita ya faɗa a gabansu ya fi abin da amarya ta faɗa sau ɗari. Sa'an nan ki lura, ke mai ciwon: kada ki ware tukunyarki gaba ɗaya in ba dole ba. Ranar da abokiyar zamanki ta yi tuwon masara ko dambun hatsi, ki ci, ki yaba a gaban mutane. Ki nuna mata dunƙulen miyar da ya dace da ke, ki roƙe ta ta taimake ki. Wadda aka roƙa taimako takan zama mai tsaro. Wadda aka guje wa takan zama mai zargi.

Maganar aure ma sai an taɓa ta, don ana raɗe-raɗinta. Seliyak ba ta yaɗuwa ta kwano, ko ta numfashi, ko ta kwanciyar aure. Tana bin jini: cikin iyaye, ƴaƴa da ƴan'uwan mai ita na ciki ɗaya, kusan 1 cikin 10 kan kasance da ita, shi ya sa ake so a auna su. Wannan yana nufin 9 cikin 10 ba su da ita. Cutar da ba a gano ba tana iya kawo jinkirin balaga, wuyar samun ciki da ɓari. Macen da aka gano tata, ta kiyaye abinci, tana ɗaukar ciki ta haihu kamar sauran mata. Saboda haka ɓoye cutar ga mai neman aure ba dabara ba ce. Wanda zai ciyar da ita shi ne ya fi kowa bukatar sani.

Yaro

Yaro ba ya jin tsoron lalacewar hanji, abin da yake tsoro shi ne a ce ya fita daban. In aka raba biskit a aji aka tsallake shi, wannan ya fi masa ciwon ciki zafi. Kada ki ce masa "kai marar lafiya ne". Ki ce masa cikinsa ba ya shiri da alkama, kamar yadda wani ba ya shiri da ƙwai. Koya masa jimla ɗaya da zai faɗa da kansa. Ki je ki ga malaminsa, in kuma akwai abincin lakwal, ki ga mai dafawa. Kullum ya fita da abinsa a aljihu: gyaɗa, dabino, ƙuli-ƙuli, aya, don kada yunwa da kwaɗayi su haɗu a kansa. Ranar salla, in ana soya cincin da dubulan, a yi nakiya, wadda da shinkafa ake yin ta, kuma a yi ta don kowa, ba don shi kaɗai ba.

In ya saci burodi ya ci, zai kuwa yi, musamman in ya fara tasowa, kada a doke shi. Yaron da aka doka ba ya dainawa, ɓoyewa yake koyo, likita kuma ya rasa dalilin da ya sa ba ya samun sauƙi.

Abin da ya rage maka ya fi abin da aka ɗauke

Mai seliyak a Faransa ko Italiya yana biyan kuɗi masu yawa don burodi da taliya na musamman. Kai ba ka bukatar su. Hatsi, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, wake, gujiya, gyaɗa, riɗi, nama, kifi, ƙwai, ganye da ƴaƴan itace, babu gulutan a cikin ko ɗaya. Tuwo, fura, kunu, koko, dambun hatsi, kwaɗon zogale, beruwa, shinkafa da wake, duk naka ne. Wasu a watannin farko madara tana dame su saboda hanjin bai warke ba. Yawanci hakan yana wucewa.

Haɗarin yana inda ba a zata ba. Semo alkama ce, kuskus na fakiti alkama ne, gurasa ma haka. Ɗanwake na kasuwa yau galibi da garin alkama ake haɗa shi, wasu masu masa ma suna ƙarawa. Wasu dunƙulen miya suna da alkama a ciki. Yawancin lemun malt da ake rabawa a biki da sha'ir ake yin su. Ƙosai ba shi da laifi, amma in a mai ɗaya aka soya shi da fanke, ya ɗauko. Sai injin niƙa, wanda mutane ke mantawa: in an niƙa alkama kafin hatsinki, garin farko da ya fito ya gauraya. Ki nemi injin da ba a kai masa alkama, ko ki koma ga turmi. Rariya da muciya da aka taɓa garin alkama da su, a wanke su sosai, ko a ware miki naki.

Kalma uku da ya kamata kowa a gidan ya iya karantawa

A azuzuwan yaƙi da jahilci mun saba fara koyarwa da kalmar da mai koyo ke bukata a rayuwarsa, ba da wadda ke shafin farko na littafi ba. Ga gidan da ke da mai seliyak, kalmar farko ita ce blé, sunan alkama da Faransanci: harafi uku ne kawai, wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya gane siffarta a yini ɗaya. Ta biyu orge, wato sha'ir. Ta uku wheat, sunan alkama a kayan da ke shigowa daga Najeriya. A rubuta su da manyan baƙaƙe a kwali, a liƙa a madafa, a ba yaron da ake aike kanti kwafinsa. In an ga sans gluten a fakiti, ana nufin babu gulutan. In fakiti ba shi da jerin abin da ke ciki, a bar shi. Na ga tsohuwar da ba ta iya rubuta sunanta ba tana juya fakiti tana neman haruffan nan uku saboda jikanta, kuma ba ta kuskure.

In tafiya ta kama

Tafiya ita ce jarrabawa mafi girma, don a tasha burodi ne abincin matafiyi. Mai zuwa ci-rani Libiya ko Aljeriya ya sani cewa can burodi, makaroni da kuskus su ne cimar yau da kullum, kuma ƴan ɗaki sukan haɗa kuɗi su yi tukunya ɗaya. Ka yi magana da su tun ranar farko, ka nemi a sa shinkafa, dankalin Turawa da wake a cikin cefane, ko ka karɓi aikin girki da kanka, wanda ba kowa ke so ba. Maniyyaci zuwa Makka ya gaya wa jagoran ayarinsu tun kafin tashi. Kamfanonin jiragen sama da yawa suna ba da abinci marar gulutan in an nema kwana biyu ko uku kafin tafiya. A jaka kuma kada a rasa garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, cuku da garin fura busasshe. Ka riƙe takardar likita mai ɗauke da sunan cutar da Faransanci, maladie cœliaque, domin in ciwo ya kai ka asibiti a wata ƙasa, a san abin da ba za a ba ka ba.